Sheda Ta Zama Shaida a Kanku

Duk wanda ya taso daga Gwagwalada ya miƙe babbar hanyar Lokoja, kafin ya kai garin Kwali sai ya ratsa Sheda. Matafiyi ba ya ganin komai sai rumfunan bakin titi, da tulin doya, da manyan motoci suna zuba gudu, da wasu dogayen katangu masu alluna a bakin ƙofa. Abin da ke bayan katangun nan kuwa ya isa a tsaya a duba. A nan hedikwatar NERDC take, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, wadda ke yanke abin da ɗan aji ɗaya na firamare zai koya a Argungu da abin da takwaransa zai koya a Kalaba. A nan Cibiyar Lissafi ta Ƙasa take, mai horar da yaran da Najeriya ke turawa gasar lissafi ta duniya. A nan kuma aka kafa SHESTCO a 1993, babbar cibiyar binciken kimiyya da fasaha. Garin bai taka kara ya karya ba wajen girma, amma da wuya ka sami wani wuri a ƙasar nan da aka tara masana da littattafai waje ɗaya kamarsa.

A wannan garin ne, wata Talata cikin watan Mayun 2025, wajen ƙarfe goma na safe, na tsaya gefen titi ina jiran mota. Wata yarinya ta nufo ni da tiren mangwaro a ka. Ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba. Rigarta ta gida ce, amma siket ɗin na makaranta ne, har ya fara koɗewa saboda rana.

"Baba, ka sayi mangwaro, mai zaƙi ne."

"'Yata, yau ba Talata ba ce? Me ya hana ki makaranta?"

"Baba, ai malamai sun yi yaji. Tun kafin Sallah."

"Aji nawa kike?"

"Aji shida."

Na saya, na ba ta dubu ɗaya. Kafin in rufe baki ta ƙirga canjina daidai, ta sake ƙirgawa a tafin hannuna, ta kwasa a guje ta bi wata bas da ta rage gudu, tirela na danno mata hon a baya. Yarinyar da ya kamata a ce a daidai wannan lokaci tana zaune gaban allo tana shirin jarrabawar fita firamare, ga ta tana tsere da motoci a ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi cin rayuka a ƙasar nan, 'yan taku kaɗan daga ofishin da ake rubuta mata manhaja. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Tun ranar abin yake cina, kuma yau zan faɗe shi ga waɗanda suka jawo shi, ba tare da na sa wa maganar zuma ba.

Ranar 24 ga Maris 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, wato AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, suka ajiye alli ƙarƙashin ƙungiyarsu ta NUT. Muna cikin goman ƙarshe na azumi a lokacin. Aka sha ruwa, aka yi ƙaramar Sallah, makarantu na kulle. Kiristoci suka yi Ista, makarantu na kulle. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, masara ta fito ta kai gwiwa. Aka yi babbar Sallah ranar 6 ga Yuni, aka ci nama aka soya saura, ƙofofin aji na nan da kwaɗo. Sai a farkon Yuli aka janye yajin, bayan fiye da wata uku. Ma'aikatan ƙananan hukumomin ma sun bi sahu, har da na ƙananan asibitoci, ta yadda matar da naƙuda ta kama a ƙauye sai ta nemi wanda zai kai ta Gwagwalada. Wannan bai faru a wani lungu da 'yan bindiga suka kori hukuma ba. A fadar mulkin Najeriya ya faru, ƙarƙashin hancin Shugaban Ƙasa da 'yan majalisa da ministoci.

Me malaman suka nema? Haƙƙin da doka ta riga ta ba su. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ga ariyas na ƙarin albashi da alawus da aka daɗe ana yi musu alkawari. An zauna da shugabannin ƙananan hukumomi, an sa hannu a takarda a watan Disamban 2024, aka shiga sabuwar shekara, alkawari ya bi ruwa. Kuma wannan yajin ba shi ne na fari ba. Sun yi a 2023, sun sake yi a 2024 ba sau ɗaya ba. Kowane karo salon iri ɗaya ne: a kira taro, a kafa kwamiti, a ɗauki hoto, malamai su koma aji, masu alkawari su koma barci.

Ina da maƙwabci malamin firamare, ya haura shekara ashirin yana koyarwa. Makarantarsa tana wani ƙauye can ciki, sai ya hau acaba daga bakin titi, da damina kuma wani lokaci sai ya naɗe wando ya ƙarasa da ƙafa. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka cire tallafin man fetur, lita ba ta kai naira ɗari biyu ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Kuɗin acaba ya bi ta, mudun shinkafa ya bi ta, kuɗin haya ya bi ta, albashinsa kaɗai ya tsaya cak. Wata rana da yamma na same shi a ƙofar gida yana wasa fartanya, zai tafi ƙodago a gonar doyar wani. Mutumin da ya koya wa ɗaruruwan yara baƙi, wanda wasu cikin ɗalibansa yanzu suna aiki a ofisoshin cikin birni. Na ce, "Malam, har abin ya kai haka?" Ya ce, "Alhaji, yara ba su san yajin aiki ba, tuwo suka sani." Bai ƙara ko kalma ba, ya saɓa fartanyarsa ya wuce.

To, ku shugabannin ƙananan hukumomi na lokacin yajin, da ku zan fara, domin a wuyanku abin yake. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa ilimin firamare cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke da hannu a kansu, kuma a Abuja daga kasonku ake biyan malaman da ke ƙarƙashin hukumomin ilimi na yanki, wato LEA. Kun san da haka kafin ku manna fastocinku a jikin kowace bishiya. Ba wanda ya ɗaure ku ya kai ku INEC. Ku kuka bi gida gida kafin zaɓen 12 ga Fabrairu 2022, kuna durƙusa wa tsofaffi, kuna rantsuwa da cewa ilimi ne farkon abin da za ku sa a gaba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Biyan malami ba alfarma ba ce da ciyaman zai yi idan ya ga dama, shi ne ainihin aikin da ake ba shi mota da direba da 'yan sanda dominsa.

Kullum amsarku ɗaya ce: babu kuɗi, albashin malamai ya cinye kason. Zan yi muku adalci, wannan magana tana da ƙanshin gaskiya. Mutane suna kwarara cikin yankin nan fiye da yadda kasonku ke ƙaruwa, kuma mafi yawan harajin da ake tarawa a Abuja ba ta hannunku yake bi ba. Amma kowa ya san tun da aka cire tallafin mai, kuɗin da ake rabawa duk wata daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, ku ma kun samu naku. In da gaske babu, me ya hana ku buɗe littafi? Ku manna a jikin bangon sakatariya: ga abin da ya shigo wannan wata, ga na albashi, ga na kwangila, ga abin da ofishin ciyaman ya kashe. Ku gaya mana mataimaka na musamman nawa kowannenku ya naɗa, da aikin da suke yi, da abin da ake biyansu. Ku gaya mana ko akwai wata guda, cikin watannin nan uku da ɗoriya, da alawus ɗin ciyaman ko na kansila ya makara. Ƙungiyoyin ma'aikata sun fito fili sun yi zargin cewa an sakar muku naira biliyan 4.1 domin wannan matsala, kuma ba ta kai ga malamai ba. Zargi ne, na sani. Amma mai gaskiya idan aka jefe shi da magana irin wannan, takarda yake ɗaukowa ya shimfiɗa a gaban jama'a, lamba bayan lamba. Mu talakawan da ke zaune a nan ba mu ga an shimfiɗa mana komai ba.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, a daina riƙe musu. An yi murna a ko'ina, ana cewa talaka ya samu 'yanci. Ku a Abuja ma kun fi kowa gata, domin babu gwamnan da zai rushe ku ya naɗa kantoma, kuma ku kaɗai ne a duk ƙasar nan INEC ke shirya wa zaɓe. Da ku ya kamata a riƙa buga misali idan ana kare 'yancin ƙaramar hukuma. Sai ga shi kun miƙa wa masu adawa da wannan 'yanci hujja a faranti. Duk gwamnan da ke son ci gaba da danne kuɗin ƙananan hukumominsa, yanzu sai ya nuna Abuja da yatsa ya ce ku duba.

Na dawo kanka, ranka ya daɗe Ministan Abuja, Nyesom Wike. An sha jin ofishinka yana cewa albashin malaman firamare nauyin ƙananan hukumomi ne. A takarda haka ne. Kuma ba zan ci amanar idona ba: na ga tituna, har a nan Kwali, a wuraren da aka shekara da shekaru ana fama da kwata da laka. Manomin da ke fito da doyarsa daga Pai ya san bambanci. Amma abin da ya faru a farkon Yuli shi ya tona asirin duk wani uzuri. Ka tara ciyamomi da shugabannin malamai, aka amince a riƙe kason da ake ba ƙananan hukumomin, wato kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar Abuja, na wata shida, a biya malamai da shi. Cikin 'yan kwanaki aka buɗe makarantu. Ashe makullin yana aljihunka. To me ya hana a ciro shi a watan Afrilu, lokacin da malamai suka yi dafifi a ƙofar ofishinka a Garki? Me ya hana a watan Mayu? Mutumin da aka san shi da cewa idan ya ba ɗan kwangila wa'adi ba ya ƙara masa kwana, wanda ke soke takardar fili saboda bashin harajin ƙasa, yaya aka yi ya iya haƙurin wata uku a kan karatun yara?

Ranar 10 ga Yuni, makarantu na kulle, aka buɗe Babban Ɗakin Taro na Ƙasa da Ƙasa da aka gyara a kan naira biliyan 39, aka sa masa sunan Shugaba Tinubu. Aka shafe kwanaki ana ƙaddamar da ayyuka, ana nunawa kai tsaye a talabijin, ana kiɗa ana guɗa. Ban ce kada a gyara ɗakin taro ba. Cewa nake gwamnatin da ta iya nemo biliyan 39 ta gama wannan aiki cikin watanni ba ta da bakin gaya wa uwar yarinyar nan mai mangwaro cewa a yi haƙuri ana duba lamarin. Abin da ake yanke masa ƙyalle a gaban kyamara yana samun kuɗi da wa'adi. Yaron da ya iya haɗa baƙi ba a ƙaddamar da shi, shi ya sa ba shi da mai tsaya masa.

Akwai wani abu game da Abuja da mutanen jihohi ba su cika lura da shi ba. Mu ba mu da gwamna, ba mu da majalisar jiha. Tsarin mulki ya ce Majalisar Tarayya ita ce majalisar dokokinmu, Shugaban Ƙasa kuma shi ke riƙe da ikon gwamna, ya damƙa wa minista. Ministan ba mu muka zaɓe shi ba, ba kuma mu za mu cire shi ba. Cikin sanatoci 109, namu ɗaya ne. Cikin 'yan majalisar wakilai 360, namu biyu ne, kuma ɗaya daga cikinsu shi kaɗai ke wakiltar Abaji da Gwagwalada da Kwali da Kuje gaba ɗaya. Sauran duk baƙi ne masu gida a Maitama da Asokoro da Apo, 'ya'yansu na makarantun kuɗi ko ƙasashen waje. Da a jihar ɗayansu aka kulle firamare wata uku, da mutanen mazaɓarsa sun hana shi barci. A nan kuwa ya san babu ƙuri'arsa ko ɗaya a Yangoji ko Dafa. Majalisar da ke iya zartar da doka cikin kwana biyu idan abin ya shafi manya, ita ce ta zuba ido har zango ya ƙare. Ku kuma kansiloli 62 na mazaɓun Abuja, ku da kuke kwana cikinmu, kuke sallah da mu, kuke zuwa coci da mu, wa ya ji muryarku? Aikin kansila ne ya tsare ciyaman ya tambaye shi lissafi. Wanda ya mai da kansa ɗan rakiyar ciyaman zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya ya ci amanar akwatin da ya fito daga ciki.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne. Ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta: karon farko a tsawata masa, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, in ya sake a ƙara masa. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma a Abuja ta fara aiki kai tsaye, kafin jihohi su yi ta jan ƙafa wajen karɓarta. Wato talaka in ya hana yaro ɗaya karatu, doka ta san sunan laifinsa da kwanakin da zai yi a gidan yari. Masu mulki sun hana yaran yanki guda karatu fiye da wata uku, babu wanda aka dakatar, babu wanda ya ajiye aiki, babu ko wanda ya hau mumbari ya ce jama'a ku yafe mana.

Su wane ne yaran nan? 'Ya'yan Gbagyi ne da Bassa da Ganagana da sauran 'yan asalin wurin, waɗanda aka yanki ƙasar kakanninsu daga jihohin Neja da Filato da Kwara lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa sabon babban birni a 1976. Sun ba da ƙasa, suka rasa jiha, aka ce musu ci gaba na nan tafe. 'Ya'yan Hausawa da Fulani ne 'yan kasuwa da makiyaya. 'Ya'yan birkila ne da mai gadi da direba da mai shara, waɗanda ke gina birnin suna tsabtace shi, amma kuɗin haya da rusau suka tunkuɗo su waje, daga Garki zuwa Lugbe, daga Lugbe zuwa Gwagwalada, daga Gwagwalada zuwa nan. Tun da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991 birnin ke kumbura, kuma duk kumburin da ya yi, talakansa yake amayowa gefe. Kwali ta zama ƙaramar hukuma a 1996, tana yankin manoma. Yau filayen da ake noma dawa an yanka su fuloti, masu kuɗi na sayewa suna kewayewa, ajin da aka gina domin yaran ƙauye ɗaya yana ɗaukar na unguwanni uku. Ana lissafin fuloti da farashinsa har kwabo, ba a lissafin kujerun aji.

Duk wanda ya riƙe takardar naira ashirin ya ga Ladi Kwali zaune tana ginin tukunya. 'Yar nan ce. A hannun mata 'yan uwanta ta koyi sana'ar tun tana ƙarama, kafin ta shiga cibiyar koyar da tukwane ta Michael Cardew a 1954, a garin da a lokacin ake kira Abuja, Suleja ta yau. Ta kai tukwanenta Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ana alfahari da sunanta a kowane jawabi. Basirar da Allah ya zuba a wannan ƙasa ba ta ƙare da rasuwarta a 1984 ba. Na gan ta a yatsun yarinyar nan da ke ƙirga canji. Abin da Ladi ta samu shi ne wanda ya zauna ya koya mata, da wurin da aka buɗe mata ƙofa. Jikokin garinta ƙofar aka rufe musu.

Sai mu. Ba zan tsawata wa na sama in tsallake kanmu ba, domin shirunmu ne ya ba su tabarmar da suka miƙe ƙafa a kai. Duk wanda ke da ɗan hali a cikinmu ya riga ya cire ɗansa daga makarantar gwamnati. Ma'aikacin gwamnati ya cire, ɗan kasuwa ya cire, malamin jami'a ya cire, har wasu shugabannin ƙungiyoyin da ke magana da sunan talaka. Shi ya sa aka yi wata uku ba a ji ihun da ake ji idan an ɗauke wuta kwana uku a unguwar manya ba. Na ga matan da suka sayar da akuya, wasu suka ɗauki adashi tun kafin lokacinsu, suka kai yara makarantun kuɗi na ɗaki biyu da suka tsiro kamar naman kaza, inda mai koyarwar ma jiya ta gama sakandare. Waɗanda ba su da akuya suka ɗora wa 'ya'yansu tire. Limamai nawa ne suka ware huɗubar Juma'a guda domin wannan? Fastoci nawa? Sarakunanmu da hakimai da dagatai, da kun haɗa kai kun tafi ofishin minista da rawunanku tun makon farko, wa zai hana ku shiga? Ranar zaɓen ƙaramar hukuma kuwa rumfuna fayau, masu ilimi na gida suna kallon ƙwallo, waɗanda suka fito an sallame su da taliya da 'yan canji. Kujerar da ke riƙe da makarantar ɗanka da asibitin matarka ita ka raina, ka ajiye zafin kanka sai zaɓen shugaban ƙasa. Wanda kuma yake ganin katangar gidansa da makarantar kuɗin ɗansa sun raba shi da wannan, ya tuna abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yankin nan ya sha fama da masu satar mutane, ƙauyukan Kwali sun san ɗacinsa. Ba na cewa duk yaron da ya bar aji zai shiga daji. Amma wanda ya saki dubban yara a titi ba karatu ba sana'a, ya san irin kasuwar da ke jiran su.

Ku ma shugabannin NUT ina da magana da ku, duk da ina bayan haƙƙinku ɗari bisa ɗari. Makamin da kuke ɗagawa ba ya taɓa jikin wanda kuke faɗa da shi. Ɗan ciyaman bai rasa darasi ko ɗaya ba. Tun da an ga haka sau uku sau huɗu, ya kamata a ce kun nemo hanyar da za ta ƙona mai laifin kansa: kotu, da zaman dirshan a ƙofar sakatariya, da jawo iyaye cikin tafiyar tun daga farko, da buga sunan duk wanda ya saɓa yarjejeniya kafin ranar zaɓe. Kuma da kuka zauna teburin sulhu kuna lissafin ariyas wata bayan wata, ya kamata a ce a cikinku wani ya ɗaga hannu ya tambaya: su yaran fa, yaya za a biya su nasu?

Wannan ita ce tambayar da har yau take tsaye. Bashin malami kuɗi ne, ana iya biyansa ko bayan shekara, ko da darajarsa ta zube. Bashin yaro lokaci ne. Duk wanda ya taɓa koyar da ɗan aji biyu ya san yaron da ya fara haɗa ba da be, in ya yi wata uku bai ga allo ba, ba inda ya tsaya yake komawa ba, baya yake zamewa. 'Yan aji shida kuwa jarrabawar shiga makarantun sakandare na tarayya ta zo ta wuce suna gida, alhali ga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kwali a maƙwabtansu, wadda 'ya'yan wasu daga nesa ke zuwa su cika. A unguwarmu abin da na gani shi ne an koma aji a Yuli, aka share ciyawa, aka yi 'yan makonni, aka ba da jarrabawa a kan abin da ba a koyar ba, aka ce kowa ya wuce aji na gaba. An rufe ramin da tabarma. Yaron zai faɗa cikinsa ne a aji ɗaya na sakandare, lokacin da za a miƙa masa littafi ya kasa karanta layi biyu, a kira shi daƙiƙi, shi ma ya yarda.

Da sabuwar shekarar karatu ta zo a watan Satumban 2025, gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja. An rage yawan darussa, an dawo da tarihin Najeriya, an sa sana'o'i irin su haɗa lantarki mai aiki da hasken rana da gyaran waya da ɗinki. Aiki ne mai kyau, kuma daga Sheda ya fito. Ina roƙon masanan da suka rubuta shi, waɗanda motocinsu ke bin titin nan safe da yamma, su riƙa sauke gilashi. Ba su suka riƙe albashin kowa ba. Amma muryar farfesa tana isa inda ta mai tallan mangwaro ba ta isa, kuma manhaja komai kyanta sai da malamin da ya karya kumallo da ajin da ke buɗe.

Bayan an koma makaranta, maƙwabcina malami ya nuna mini rajistar ajinsa. Ya buɗe shafin watan Maris, ya buɗe na sabon zango, ya bi da yatsa. Akwai sunayen da ya sa wa ɗigo da jan biro. Wannan an kai ta aikatau cikin birni. Wannan yana bin mota a tasha. Wannan an ce an sa mata rana. Wannan ba wanda ya san inda iyayensa suka koma. Irin wannan rajista tana cikin durowar kowane hedimasta daga Sheda har Abaji. Ciyaman, ba sai ka jira kason wata ko izinin minista kafin ka aika a tattaro maka su ba. Ka sa a fitar da sunayen masu jan ɗigo mazaɓa mazaɓa, ka miƙa wa kowane kansila nasa, ya ɗauki mai unguwa su bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ka ware kuɗin darasin yamma da na hutu ga waɗanda suka dawo, ka biya malaman da za su yi shi a hannu, a kan lokaci. Yarinyar da na gani a bakin titi tana aji shida, siket ɗinta na makaranta ne, sunanta na cikin ɗaya daga cikin rajistocin nan. A nemo ta.